Fatawa: Waɗanne ƙungiyoyi ya halatta a saka a manhajar tara sadaka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina mun haɗa manhajar waya wadda mutum zai tura zakka ko sadaka ta cikinta zuwa ƙungiyoyin agaji. Masu neman mu saka su suna da yawa, har da kwamitin ginin masallaci da wani gidan marayu na Kiristoci. Wa za mu karɓa, wa za mu bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka sani matsayinku a shari'a matsayin wakili ne. Kuɗin da ya shigo ba naku ba ne, amana ce, kuma Allah ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, a mayar da amana ga masu ita.

Abin da na fi jin tsoro a kanku shi ne cakuɗa zakka da sadaka a asusu ɗaya. Ku raba su tun daga shafin farko. Zakka Allah da kansa ya raba ta ga mutane kashi 8 a Suratut Tauba, aya ta 60. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu zuwa Yaman, ya ce masa a karɓe ta daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Saboda haka a ɓangaren zakka, sai ƙungiyar da take damƙa kuɗin a hannun Musulmi mabuƙata, ko take biya wa masu bashi bashinsu. Kwamitin masallacin nan ba ya shiga, domin a mazhabar Malikiyya ba a gina masallaci da zakka, kuma a kan haka jumhurun malamai suke. Ku saka shi a ɓangaren sadaka da waƙafi, can ne gurbinsa.

Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta faffaɗa ce. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa ga wanda ba Musulmi ba matuƙar bai yaƙe mu ba, kuma Annabi ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta tana mushirika. Gidan marayun nan, idan ciyarwa da magani da suturta yara yake yi, babu laifi a saka shi, amma a rubuta ko na waye ƙarara, don mai bayarwa ya san inda kuɗinsa za shi. Idan kuma kuɗin aikin yaɗa wani addini zai tafi, to Musulmi ba ya zama tsani a nan.

Sunan Musulunci a jikin ƙungiya kada ya sa ku sakankance. Mun ga masu yawo da hotunan marayu suna cika aljihunsu. Ku nemi takardar rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista a Nijeriya) da ta SCUML (sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram), ku tabbatar asusun banki da sunan ƙungiyar yake, ba na shugabanta ba, sannan ku tura mutum ya gano aikin da idonsa. Hukumomin zakka na jihohi irin su Kano da Sakkwato za su iya taimaka muku wajen tantancewa. Wadda ta ƙi nuna lissafinta, ku cire ta. Idan kun yi sakaci da bincike kuɗi ya salwanta, wakili mai sakaci shi ke biya.

Ladan aikinku kuma kada ku yanke shi daga zakka, tunda ba hukuma ce ta naɗa ku ma'aikatanta ba. Ku sanya shi daban a kan mai bayarwa, ya gani kafin ya tura.

Wallahu a'alam.