Tambayoyin Masu Karatu: Me Cocin Katolika Ke Cewa Game da Ka'idar Darwin?

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Damagaram. Malaminmu na kimiyyar halittu ɗan Katolika ne wanda ba ya fashin zuwa coci ranar Lahadi, amma shi ne ke koya mana cewa halittu sun sauya sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru. Wani abokina ya ce ai Fafaroma ma ya ƙaryata labarin Adamu. Shin gaskiya ne, kuma yaya mutum zai riƙe biyun tare? Daga wani ɗalibi, unguwar Birni.

AMSA: Ɗana, abokinka ya wuce gona da iri, domin babu Fafaroman da ya ƙaryata Adamu, kuma malaminku bai saɓa wa koyarwar cocinsa ba.

Darwin ya fitar da littafinsa kan wannan ka'ida ta sauyawar halittu a 1859, amma sai a 1950 Fafaroma Pius na 12 ya yi magana a hukumance cikin wasiƙarsa mai suna Humani Generis. Ya ce ba a hana masana bincike a kan ko jikin ɗan Adam ya samo asali daga wata halitta mai rai da ta gabace shi ba, da sharaɗin a yarda cewa ruhin kowane mutum Allah ne ke halittarsa kai tsaye. A 1996 Fafaroma John Paul na 2 ya ƙara gaba, inda ya ce sababbin binciken da aka samu daga fannoni daban-daban sun sa ka'idar ta wuce matsayin hasashe kawai, amma ya yi watsi da duk fassarar da ke cewa hankali da ruhu sun tsiro ne daga jiki. Fafaroma Francis kuwa, a 2014, ya gargaɗi masu karanta Littafin Farawa, wato littafin farko na Baibul mai ba da labarin halitta, kada su ɗauki Allah kamar mai sihiri riƙe da sanda.

Wannan salon karatu, na rashin ɗaukar labarin halitta a zahirinsa, ya daɗe. Augustine, wanda ya yi bishop a Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya lura tun ƙarni na 5 cewa Littafin Farawa ya sa halittar rana a yini na huɗu, saboda haka da wuya kwanaki ukun farko su zama irin waɗanda muke ƙirgawa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Ya kuma ja kunnen Kiristoci kada su riƙa faɗin shirme game da sama da ƙasa da sunan nassi a gaban waɗanda suka san abin. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ce Mendel, wanda ya gano dokokin gadon halitta ta hanyar shuka wani nau'in wake da ake kira fis a lambu, limamin Katolika ne, haka ma de Lapparent, Bafaranshen da ya bi Sahara a shekarun 1950 yana tono ƙasusuwan dinoso, wato manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da, har da yankin Ingal na ƙasarmu.

Inda maganar ta yi tsauri shi ne batun Adamu, kuma a ganina nan ne tambayarka ta fi nauyi. Pius na 12 ya ƙi amincewa da ra'ayin cewa mutane sun fito daga iyaye na farko masu yawa, domin a cewarsa ba a ga yadda za a daidaita hakan da aƙidar zunubin asali ba, wanda Katolika suka yi imani an gada daga Adamu. Masana ƙwayoyin gado kuwa galibinsu suna ganin mutanen farko al'umma ce mai dubban mutane. Malaman tauhidin cocin suna ta muhawara a kai, kuma littafin koyarwar cocin na 1992 ya tsaya a kan cewa labarin faɗuwar Adamu ya zo cikin harshen misali, amma yana tabbatar da abin da ya auku da gaske a farkon tarihin mutum.

Ka lura dai cewa cocin bai wajabta wa kowa yarda da ka'idar Darwin ba, kuma akwai ƴan Katolika da ba su karɓe ta ba, kamar yadda wasu ɗarikun Kirista, musamman a Amurka, ke riƙe da kwana shida a zahirinsu. Abin da malaman Musulunci suka ce a kan batun tambaya ce dabam, wadda za mu amsa idan wani ya aiko da ita.