Hukuncin kafa hujja da na'urar tantance murya a rikicin kuɗi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina harkar dankalin Turawa da kayan gwari a Farin Gada, nan Jos. Akwai yarona da ke riƙe min asusun ciniki, ya daɗe a hannuna. Ina kan hanyar Bokkos aka tura masa saƙon murya ta WhatsApp, da murya irin tawa, wai ya tura naira 850,000 cikin wani asusu, kuɗin kaya ne. Ya tura. Ni kuwa wallahi ban yi wannan magana ba. Ƙaninsa mai karatun kwamfuta ya saka saƙon tare da wani tsohon saƙona a cikin wata manhaja, ta nuna kashi 91 cikin 100 muryata ce. Dattawan layinmu sun rabu biyu, wasu na ganin na manta ne ko ina son ɗora wa yaro asara. Shin shari'a ta yarda da shaidar irin wannan na'ura? Wa zai ɗauki asarar? Kuma ya halatta mutum ya ba banki ko kamfani muryarsa ta zama makullin asusunsa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji.

Abin da manhajar ta fitar ƙarina ce, wato alama da alƙali ko mai sulhu zai iya dubawa tare da sauran alamu. Ba ta kai matsayin shaidu ba, ba ta kai matsayin iƙirari ba, kuma ita kaɗai ba ta isa a ɗora maka maganar da ka musanta. A irin yanayin da ka bayyana ma, ƙarina ce mai rauni ƙwarai. Hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin abin, don haka sai mun fara da yadda na'urar take aiki.

Na'urar tana yanka magana gutsure-gutsure, kusan 100 a kowane sakan, kowane gutsure tsawonsa kamar kashi 25 cikin 1,000 na sakan. Daga kowanne tana auna yadda ƙarfin sauti ya rarrabu tsakanin kauri da siranta, domin wannan rabon yana bin tsarin maƙogwaro da baki da hancin mai magana. Daga nan ta dunƙule ma'aunan su koma jerin lambobi guda, a wasu manhajojin 192, a wasu 512. Jerin nan shi ne tambarin muryar. Idan aka kawo wata magana, ita ma a fitar da nata tambarin, a auna kusancinsu. Masu manhajar ne ke yanke iyakar da za a ce an yi daidai. In suka tsaurara, mai asusu na gaskiya zai riƙa shan kora. In suka sassauta, baƙo zai riƙa shigewa. Babu inda za a ajiye iyakar kurakuran biyu su ɓace tare, shi ya sa tun 1996 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, take gasar gwada waɗannan na'urori da ƙidayar kuskuren kowacce.

To wannan 91 da aka nuna wa dattawa, ma'anarsa tambarin biyu sun yi kusa bisa sikelin da mai manhajar ya zaɓa. Bai ce akwai tabbacin kashi 91 kai ne ka yi maganar ba. Kafin lambar ta yi amfani sai an san nawa ƙaninka zai samu in aka gwada shi, nawa ɗanka zai samu, nawa wani Bahaushen Jos mai shekarunka zai samu. Idan su ma suna kaiwa 85 ko 90, me lambar ta tabbatar? Ƙwararrun da ke wannan aiki domin kotu suna gwada muryar da taron mutane masu yare ɗaya, da irin waya ɗaya, kafin su faɗi nauyin kamannin. Yawancin manhajojin da ake samu kyauta kuwa an horar da su ne da maganganun da Turanci ya fi yawa a ciki, kamar tarin VoxCeleb da jami'ar Oxford ta fitar a 2017 daga bidiyoyin YouTube, kuma sananne ne cewa aikinsu yana raguwa idan yare ya sauya. Ga hayaniyar kasuwa, ga murar hunturun Jos da ke toshe hanci ta sauya amon mutum, ga gajartar saƙo, ga WhatsApp da ke matse sauti kafin ya tura. Kiran waya na gargajiya ma abin da ke tsakanin 300 da 3,400 Hz, a ma'aunin kauri da sirantar sauti, kawai yake ɗauka, saura ya zubar.

Babbar ɓarakar ba ta nan ma. Na'urar tantancewa tambaya ɗaya take amsawa: shin wannan sauti ya yi kama da wancan? Ba ta san ko mutum mai rai ne ya furta shi a lokacin ba. Muryar da aka ƙirƙira da kwamfuta, an gina ta ne musamman domin ta yi kama da taka, saboda haka samun babban maki shi ne abin da ake sa ran gani, ko kai ne ko ɓarawo ne. A Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya bayyana wata fasaha, VALL-E, mai kwaikwayon murya daga maganar sakan 3 kacal. Tun 2019 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito yadda aka yaudari shugaban wani kamfanin makamashi a Ingila ya tura yuro 220,000, yana zaton muryar ubangidansa yake ji a waya. A 2017 kuwa ko kwamfuta ba a nema ba: wani ɗan jaridar BBC ya sa ɗan tagwayensa ya kwaikwayi muryarsa, bayan gwaji da dama ya shige makullin murya na bankin HSBC. Akwai kuma hanya mafi arha, wadda nake ganin ta fi kusa da harkarku. Ɗan kasuwar da kullum yake tura saƙonni irin "ka tura wa wane kuɗin kaya", ana iya tattara tsofaffin saƙonninsa a yanyanka a harhaɗa. Murya tasa ce da gaske, umarnin kuwa ba nasa ba ne. Gano irin wannan aikin wata manhaja ce daban, ita ma tana kuskure, musamman a kan sautin da aka matse aka yi ta turawa daga waya zuwa waya.

Malamanmu sun tattauna dogaro da murya tun da daɗewa, a babin shaidar makaho. Malikiyya sun karɓi shaidarsa a kan magana idan ya tabbatar da muryar, kamar yadda Shaihu Halil ya ce a Mukhtasar, "wa in a'ama fi ƙaulin", wato ko da makaho ne, a kan magana. Hambaliyya ma haka. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Bukhari da Muslim cewa Bilal yana kiran salla da sauran dare, a ci a sha har sai Ibnu Ummi Maktum ya kira, alhali mutanen da ke cikin gidaje da murya kawai suke bambance su. Haka kuma an karɓi hadisi daga matan Annabi (SAW) ta bayan shamaki. Hanafiyya sun ƙi, dalilinsu shi ne murya tana kama da murya, Shafi'iyya kuma sun taƙaita ta a wasu wurare. Wani zai ce tunda mazhabarmu ta karɓi kunnen makaho, me zai hana ta karɓi na'ura? Ƙiyasin bai zauna ba. Makahon nan adali ne, baligi mai hankali, ya daɗe yana cuɗanya da mai maganar, yana zaune a majalisin da aka yi ta, yana kuma tsoron zunubin shaidar zur. Manhajar ba ta halarci komai ba, fayil aka miƙa mata, ba ta san inda ya fito ba. Sharaɗin da Malikiyya suka gindaya shi ne yaƙini, kuma ni a ganina, a kan sautin da ya biyo ta waya a wannan zamani, fargabar Hanafiyya ta zama abin da ake gani da ido. Ko Annabi (SAW) da Jabir ya ƙwanƙwasa ƙofa aka tambaye shi wane ne, ya ce "ni ne", sai da ya maimaita "ni ne, ni ne" kamar mai ƙin amsar.

Wannan bai sa a yi watsi da ita gaba ɗaya ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin rigar Annabi Yusuf da aka yage ta baya, a Suratu Yusuf aya ta 26 zuwa 28, kuma Ibnu Farhun cikin Malikiyya da Ibnul Ƙayyim cikin Hambaliyya sun yi dogon bayani kan aiki da alamu. Sai dai alamu hawa-hawa ne. Binciken ƙwararre amintacce, a kan asalin fayil, da cikakken bayanin yawan kuskuren hanyarsa, yana iya ƙarfafa zato ya taimaki alƙali. Gwajin ɗalibi a manhajar kyauta, ɗalibin da kuma ƙanin ɗaya daga masu jayayya ne, bai kai nan ba, ko da niyyarsa tsarkakakkiya ce.

Sai batun asara. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa, dole a raba su. Ta farko: ka ba da izini? Asali shi ne babu izini, mai da'awar an ba shi shi zai kawo hujja, wanda ya musanta kuma rantsuwa ce a kansa. Halil ya faɗa a babin wakilci cewa maganar mai wakiltawa ake ɗauka idan wakili ya yi da'awar izini. Don haka maganarka za a ɗauka tare da rantsuwarka, kuma bai halatta wani ya ce da kai maƙaryaci saboda wannan lamba ba.

Ta biyu: yaron zai biya? Wakili amintacce ne, ba ya lamuni, wato biyan asarar, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka sa masa. A nan za a duba al'adarku. Idan da ma da saƙon murya kake ba shi umarnin biya, saƙon kuma ya fito daga lambarka da ya sani, adadin bai fita daga abin da kuka saba ba, to an yaudare shi ne kamar yadda za a iya yaudarar kowa. Sai ya rantse bai yi ha'inci ba kuma bai haɗa baki da kowa ba, asarar ta zauna a kan dukiyarka har Allah ya tona ɓarawon. Idan kuwa daga baƙuwar lamba ya zo, ko yana ɗauke da alamar an turo shi daga wani wuri, ko sunan da ya fito a asusun ba na wanda kuke ciniki da shi ba ne, ko ka taɓa ce masa kada ya tura babban kuɗi sai ya kira ka, amma bai kira ba alhali layinka na shiga, ya yi sakaci, lamuni ya hau kansa. Inda aka samu sakaci ta ɓangarorin biyu, kamar a ce kai ne ka karanta wa wani lambobi 6 da WhatsApp ke turowa har aka ƙwace maka shafi, sulhu a raba asarar gwargwadon sakacin kowa ya fi dacewa. Kai ma kada ka tuhumi yaron da haɗa saƙon da kansa ba tare da hujja ba, Allah ya ce wani sashe na zato zunubi ne.

Abubuwan da za su warware muku gardamar suna cikin wayoyinku. A duba lambar da saƙon ya fito. A buɗe WhatsApp ɗinka a duba jerin na'urorin da aka haɗa da shi, ko akwai wadda ba ka sani ba. Kada a goge saƙon, kada a sake naɗarsa da wata waya, a bar shi a wayar yaron yadda ya zo, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani kan na'urar da aka ciro hujjar lantarki daga cikinta. A sanar da banki a rubuce ba tare da jinkiri ba, a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, saboda ana haɗa asusun banki da BVN ko NIN na mai shi, kuma bin sawun kuɗi ya fi bin sawun murya saurin kaiwa ga mutum.

Wannan hukunci ya shafi sauran babuka. Saƙon murya na saki, idan miji ya amsa nasa ne, saki ya auku. Idan ya musanta kuma babu shaidu, aure tabbatacce ba ya gushewa da shakka, sai a je gaban alƙali. Haddi kuwa ba a tsayar da shi da irin wannan sam, domin ana tunkuɗe haddi da shubuha. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta halatta ƙulla ciniki ta waya da makamantanta, ta cire aure saboda sharaɗin shaidu, ta kuma ce abin da ya shafi jabu da kuskure a mayar da shi ga ƙa'idojin tabbatar da hujja.

Ba banki ko kamfani murya ta zama makulli halal ne, ga namiji da mace, domin asalin mu'amala halacci ne kuma tsare dukiya manufa ce ta shari'a. Sharaɗi shi ne a ɗauka da saninka da yardarka, a yi amfani da ita a kan abin da aka faɗa kawai. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta sa irin waɗannan bayanan jiki cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Shawarata kada ka yarda murya ta zama makulli ita kaɗai a kan babban kuɗi, a haɗa ta da lambar sirri, domin lambar sirri in ta fita ana sauya ta, murya kuwa ba a sauyawa. Naɗar muryar mutum a ɓoye domin kwaikwayonta, ko haɗa masa maganar da bai yi ba, haramun ne: ya tara leƙen asiri da ƙarya da cin dukiyar mutane da ɓarna, wanda ya haɗa maganar da wanda ya biya aka haɗa ta duk suna cikin zunubin, kuma lamunin kuɗin yana kansu.

Daga yau ku kafa doka kai da yaronka, a gaban shaidu biyu: duk kuɗin da ya wuce adadin da za ku yanke, ba a tura shi sai ya kira ka da kansa a lambar da ya sani, ka kuma rubuto masa sunan mai asusu da adadin. In ya saɓa wannan bayan an kafa, lamuni a kansa yake ba tare da jayayya ba.

Wallahu a'alam.