Sabuwar Pilot da kishiyoyinta: bel ɗin nan dai yana nan

Ka ce kawunka yana neman motar iyali mai layin kujeru uku, ya ga sabuwar Honda Pilot da aka sake wa fasali a 2023, yana so ya san ko ta fi Highlander ta Toyota da Telluride ta Kia. Kai kuma har ka riga ka ce masa ta fi, wai don gabanta ya yi faɗi kamar na manyan jif. Gaba! Yaran yanzu idan an ce mota, fitila da fenti kuke kallo a waya. To ajiye wayar nan ka buɗe kunne, ba zan maimaita ba.

An yi mata aiki, ban musa ba. An ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da kusan inci 3, shi ya sa layin ƙarshe ya samu wurin ƙafa inci 32 da rabi, babban mutum zai zauna daga Kano zuwa Kaduna ba tare da ya zagi kowa ba. A wasu ajin nata, kujerar tsakiya ta layi na biyu tana cirewa, a ajiye ta ƙarƙashin daɓen but, motar ta tashi daga mai mutum takwas ta koma mai bakwai. Giyabos ya koma mai giya 10 na Honda ɗin kansu, an bar mai giya 9 da mai 6 na tsohuwar. Injin har yanzu silinda shida ne, lita 3.5, ba tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska), ƙarfin doki 285. Amma kan injin sabo ne: kamshaf huɗu maimakon biyu, kuma bawul ɗinsa matsin baƙin mai ne ke daidaita su, ba sai ka buɗe murfi kana saitin bawul kamar na da ba. Wannan alheri ne, da sharaɗin mai motar zai zuba 0W-20 na gaske. Ya zuba masa mai kauri irin na tsohuwar bas, ya ji ƙara daga sama kafin a je ko'ina.

Abin da ba a canja ba, wanda kuma kai ba ka ko tambaya ba, shi ne taimin, wato abin da ke haɗa juyawar kiranshaf da ta kamshaf don bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. Bel ne, ba sarƙa ba. A cikin duk motocin da ka lissafa, ita kaɗai ce ke da bel. Kuma injin irin wanda fistin da bawul suke raba wuri ɗaya ne, lokaci kawai ke raba su. Bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora, fistin ya tarar da bawul a buɗe. A Amurka ana canja shi wajajen mil 100,000. Amma littafin Honda na wannan dangin injin ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa wanda ke yawan tuƙi a zafin da ya haura digiri 43 ya canja a mil 60,000, wato kilomita 100,000. Ka tambayi mutumin Sakkwato ko Maiduguri abin da Afrilu da Mayu suke yi. Mu lissafin nan na biyu shi ne namu. Kuma mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, ba kilomita ba, na sha ganin yaro ya duba mita ya ce da saura.

Bel ɗin nan ne ma ya sa na tsaya ba ka amsa. Kafin ka zo garejin nan wani Alhaji ya kawo Pilot ta zubin da ya gabata, 'yar Kwatano, mita tana nuna abin da bai kai mil dubu saba'in ba. Robar fedar birki ta sule har ƙarfe ya leƙo, gefen kujerar direba ya lotsa. An juya mitar, ko makaho ya shafa ya sani. Da safe idan aka tayar, sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ɓangaren dama na wasu daƙiƙu, ya ɗauke idan ta ɗumi. Aka cire murfin taimin, ga tenshina ta jiƙe da man cikinta. Tenshinar nan da mai take riƙe bel. Ta fara zubar da man, ta fara mutuwa ke nan. Aka ce masa saiti ake canjawa gaba ɗaya: bel, tenshina, fuli biyu, da famfon ruwa, don shi ma bel ɗin ne ke juya shi, idan ya ƙage ko ya fara ɗiga a kan bel, ɓarnar ɗaya ce.

Ya ce shi yana da yaro a kasuwa. Washegari sai ga direbansa da bel shi kaɗai a kwali mai tambari. Ka goga yatsa a rubutun bel ɗin, rubutun ya biyo yatsa. Jabu ne. Aka gaya masa. Ya zo da kansa, ya ce a saka masa haka nan zai kai iyali biki, bayan Sallah zai kawo sauran kayan, duk abin da ya faru a wuyansa. Har da rantsuwa, a gaban direban nasa, mutumin da gemunsa ya yi fari. Aka saka.

Bayan Sallah ba a gan shi ba, sai ranar da aka jawo motar da igiya daga hanyar Zariya. Tenshina ta saki, bel ya yi sako-sako ya tsallake, injin ya mutu yana cikin gudu. Direban kuma maimakon ya bar ta, ya yi ta murɗa makulli har batir ya ƙare, kowace murɗawa fistin yana ƙara dukan abin da ya riga ya lanƙwashe. Da aka sauke kawunan biyu, bawul sun karkace a kowane ɓangare, hanyoyin da suke bi sun tsage, fistin ɗaya ya samu tabon da ba za ka yarda da shi ba. Ka san abin da Alhajin nan ya yi? Ya zo da ɗan sanda. Ya ce shi bai taɓa kawo bel ba, kuɗin saiti cikakke ya bayar aka cinye. Shaida ɗaya ne, direbansa, wanda a gidansa yake cin tuwo. Ya sunkuyar da kai ya ce bai tuna ba. Da maganar ta je gaban shugabannin ƙungiya aka ce a yi sulhu, garejin nan ya biya rabin kuɗin injin tokumbo, ya sauke ya ɗora kyauta. Kuɗin da aka tara don sayen na'urar ɗaga mota ne suka tafi, shi ya sa har yau kake shiga rami. Wata bai cika ba ya sayar da motar, ko ladan aikin farko bai biya ba. Har yanzu yana wucewa ta titin nan yana ɗaga hannu. Allah ya isa.

Tun daga ranar, bel ɗin da mai mota ya kawo da hannunsa ba ya hawa injin a nan. Wanda ya ce a bar tsohuwar tenshina, ya ɗauki motarsa. Kuma abin da aka canja da abin da mai mota ya ƙi, a rubuta, ya sa hannu, ko limamin unguwa ne.

Yadda ake sauke murfi da tallafe injin kafin a cire maunt na gefe, idan ba ka sani ba har yanzu, to zaman banza kake yi a nan. Inda ake faɗuwa zan gaya maka, a tsohon injin mai kamshaf biyu, shi ne ya cika gari. Notin kiranshaf mai lamba 19 ne, yana da taurin kai, akwai ƙarfen riƙe fulin da aka yi dominsa, kada in ga ka cusa sukundireba a haƙoran filawil. Silinda ta ɗaya tana layin baya, ba na gaba ba, ita za ka kawo sama, alamomi uku su tsaya daidai. Bel daga kiranshaf yake tashi, ya bi fulin da ba ya motsi, kamshaf na gaba, famfon ruwa, kamshaf na baya, sannan fulin tenshina a ƙarshe, don duk sakin ya taru a wurinta. Fil ɗin sabuwar tenshina ba a zare shi sai komai ya zauna. Ka juya injin da hannu zagaye biyar zuwa shida, ka sake duba alamomin. Kamshaf na baya ne ke yaudara, don a karkace kake hangensa, haƙori ɗaya ya zame ba ka gani ba, sa madubi. Ruwan lagireto kuma shuɗin nan na Honda, ba na rijiya ba. Sabon injin mai kamshaf huɗu, ba za ka sa masa hannu ba sai da littafinsa a buɗe kuma ina tsaye.

Man giyabos ma ya kashe Pilot da yawa a ƙasar nan. Mai giya 6 DW-1 yake sha, mai giya 9 Type 3.1, mai giya 10 Type 2.0. Uku ne daban-daban, ba a haɗawa, ba a musanyawa. Wannan jan man na galan da ake cewa yana shiga kowace mota, ya shiga mai giya 10, sai ta fara fizga. Mai jan ƙafa huɗu kuma akwatin bayanta yana da nasa man daban, kowa mantawa yake yi da shi har sai ya fara gurnani a kwana.

Highlander. Wadda aka fito da ita a 2020 zuwa 2022 tana da silinda shida lita 3.5, doki 295, giya 8, taimin sarƙa. Injin yana da nozul iri biyu, wasu cikin silinda, wasu a bayan bawul, saboda haka fetur yana wanke bawul ɗin shigar iska, gawayi ba ya taruwa kamar a injin da ke fesawa cikin silinda kaɗai. Kuma dangin injin ne da ke cikin Sienna da Camry mai silinda shida da Lexus RX350, ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka fito da abin da kake nema kafin la'asar. Daga 2023 suka cire shi suka sa silinda huɗu lita 2.4 mai tabo, doki 265. Yana da ja daga ƙasa, ban raina shi ba. Amma tabo zafi take haifarwa, a sa mata cunkoson gari da AC da mai gida mai jinkirta canjin baƙin mai, ni ba na sanya albarka. Aibin Highlander ɗaya ne kuma babba: layin ƙarshe inci 28 ne da ƙyar, wurin yara ne. Toyota da kansu sun sani, shi ya sa suka fito da Grand Highlander a 2024.

Telluride ta Kia da Palisade ta Hyundai uwa ɗaya uba ɗaya ne, na 2020 zuwa 2024 nake nufi: silinda shida lita 3.8, doki 291, giya 8, sarƙa. A ciki sun fi kuɗinsu kyau, but ɗin Telluride ma ya fi na Pilot ɗaukar kaya idan duk kujeru suna tsaye. Fesawarsu cikin silinda ce kaɗai, kamar Pilot, don haka gawayi zai taru a bawul wata rana, a cire manifol a kankare. Matsalarsu a wurinmu kaya ne. Fitila ɗaya ta fashe ko sensa ta mutu, motar ta kwana makonni tana jiran saƙo daga Legas ko Dubai.

Pathfinder ta 2013 zuwa 2020 giyabos ɗinta CVT ne, irin wanda ba shi da matakan giya, kada kawunka ya ko tsaya taya ta. A 2022 Nissan suka dawo hayyacinsu suka sa mai giya 9, ta zama motar da za a iya magana a kanta. Explorer ta 2011 zuwa 2019 mai lita 3.5, famfon ruwanta yana cikin injin, sarƙar taimin ke juya shi, ya lalace ruwa ya gangara cikin baƙin mai, kafin mai ita ya farga injin ya buga. An sake ta a 2020, amma ni na ƙoshi.

Ga hukuncina. Idan kawun naka irin mutanen nan ne da sai mota ta tsaya suke tuna makaniki, ya nemi Highlander mai silinda shida ta 2020 zuwa 2022, ya zuba ƙananan yara a baya. Idan 'ya'yansa sun girma kuma yana jin magana, Pilot ta fi ta wuri da daɗin doguwar tafiya, ya sa kuɗin saitin bel cikin kuɗin sayen motar tun ranar farko, duk abin da mita ta nuna. Ya lura kuma cikin Pilot ta gama-gari inci 7.3 ne daga ƙasa, Highlander tana da 8. Idan hanyar ƙauyenku yake bi da damina, Pilot ajin TrailSport ce tasa: inci 8.3, farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin da tankin mai, taya mai rim 18 da cikakkiyar safaya. Masu rim 20 kyan gani ne, rami ɗaya ya kumbura gefen tayar.

Sannan sabuwar mota irin wannan da ta iso nan da araha, akwai dalili. Yawancinsu daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya suke fitowa a Amurka. Ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar gaba ka duba tsatsa a notunan kujera, ka zaro bel ɗin ɗaure jiki har ƙarshensa ka nemi layin laka, ka buɗe soket biyu ko uku na ƙasa ka ga ko fil ɗinsu ya yi kore. Ka sa kwamfuta a kowane sashe, ba injin kaɗai ba, musamman na jakar iska, don akwai masu toshe wayarta da ɗan ƙarfe fitilar ta mutu alhali sitiyarin fanko ne. Lambar shasi kuma a bincika ta a intanet kafin a biya ko sisi, hotunan gwanjon sukan fito da mitar ranar a jiki.