Birkin motata ya yi laushi, daga ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na sayi mota ta hannu. Yanzu in na taka birki sai ƙafata ta nutse kusan ƙasa kafin motar ta tsaya. Na ƙara man birki, na canza fad na gaba, amma shiru. Me ke damunta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka daina hawa da ita babban titi har sai an gano matsalar. Ban yi mamakin yadda canza fad bai taimaka ba, domin laushin birki galibi daga ɓangaren man birki yake tasowa.

Ƙafarka ce za ta fara yi maka bincike. Motar tana tsaye, ka tattaka birkin sau biyar ko shida da sauri. Idan ya yi tauri, bayan ɗan lokaci kuma ya koma laushi, to iska ce a cikin bututun. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa kake jin kamar soso kake takawa. Sai a fitar da iskar ta kowace taya, yawanci daga wadda ta fi nisa da masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan ka taka. In motar tana da ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, wani lokaci iskar kan maƙale a cikinsa, sai an haɗa da na'urar binciken mota za ta fita. Idan birkin baya na ganga ne, lainin da ya yi nisa da gangar ma yana kawo irin wannan alama, a duba saitinsa.

Sai gwaji na biyu, wanda na fi ba muhimmanci a kan motarka. Ka taka birkin ka riƙe shi da ƙarfi ɗaya na kamar rabin minti. In ya rinƙa sauka a hankali har ƙasa, mai na zurarewa. Ka ce ka ƙara mai, to ina na farkon ya tafi? Cinyewar fad tana sa man ya ɗan ja baya, amma in ya sake raguwa bayan ka cika, akwai yoyo. Ka leƙa bayan kowace taya, ka shafa tiyon roba da bututun ƙarfe, ka nemi danshi ko tsatsa. In ko'ina a bushe yake kuma man bai ragu ba, robobin cikin masta ne suka mutu, man yana kewayawa a ciki maimakon ya tura birki. Tsohon tiyo kuma yakan kumbura idan an taka, sai ya shanye ƙarfin. Wani ya taka, kai kana kallo.

Akwai abin da masu sayen mota ta hannu ke mantawa: ba su san shekarun man da ke ciki ba. Man birki yana zuƙar danshi. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai akalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. A doguwar gangara sai ya tafasa, tururi ya shiga, birki ya ɓace. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. In naka ya yi baƙi, a zubar da shi gaba ɗaya.

Wane mai ka ƙara ma? Ka duba rubutun da ke kan murfin wurin zuba man birki. DOT 5 ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4. In kuwa man inji ko na giya ya shiga bisa kuskure, robobin duka za su kumbura, dole a wanke layin a canza su. Ka tafi wa bakanike da robar man da ka zuba, ya gani da idonsa.