Zan je Guangzhou saro kaya amma ba na jin yarensu

Alhaji, na ga saƙonka, ka ce kana da shago a Kantin Kwari, ka haɗa 'yan kuɗaɗenka kana so ka je Guangzhou da kanka karon farko, amma yaren Chana ko kalma ɗaya ba ka ji, turancin ma sama-sama ne, kana tsoron kar a cuce ka.

To ciniki dai kar ya dame ka, a can kalkuleta ce ke magana, mai kaya ya danna farashi ya miƙo maka kai ma ka danna naka ka mayar masa, a haka har ku daidaita. Sai dai ka tabbatar lambar da ya danna yuwan ce, wato kuɗin Chana, ko dala, kuma na mita ne ko na yadi, don mita ta fi yadi tsawo, in ka yi lissafin bandir ɗari a kan kuskure wallahi sai ka dawo gida za ka gane.

Inda na fi ji maka tsoro wajen tafinta ne. A unguwar Xiaobei za ka samu 'yan Afirka da yawa har da Hausawa, akwai masu amana sosai, amma akwai wanda zai karɓi ladansa a hannunka sannan ya juya da yarensu ya ce wa mai kaya ya ɗora masa nasa a kan farashi, kana tsaye kana gyaɗa kai. Don haka ku yanke ladansa tun kafin ku fita, wata rana kuma ka zaga kasuwar kai kaɗai ka taya irin kayan a shaguna uku ko huɗu, nan za ka san gaskiyar farashi. Rasit a rubuta a gabanka, ka ɗauki hoton samfur, ka ba da kafin alƙalami kawai, cikon sai ka ga kaya da idonka.

Sannan WhatsApp da Google da Facebook duk a toshe suke a layin can, ka sauke WeChat da Alipay tun kana Kano, WeChat ɗin yana fassara saƙo, da shi za ka riƙa magana da mai kayan kai tsaye, Alipay kuma na biyan kuɗi ne ta waya. Katin otal ɗinka ya zauna a aljihu don nuna wa mai tasi. Abinci kuma ka nemi gidan da aka rubuta 清真 a ƙofa, shi ne halal.