Leɓe ya mutu tun ba a je hutun rabin lokaci ba

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma saurari ɗan faifan da ka haɗo da shi har sau uku ina kan teburin gyara. Ka ce tun da ka shiga badujalar jami'arku mai busa a wasan ƙwallon kwando abu biyu ke damunka: leɓɓanka kan mutu tun ba a je hutun rabin lokaci ba, sannan madugunku yakan katse ku ana tsakiyar kiɗa, har ka fara zargin ko ku ne ba ku iya ba. Kana tambaya ko ka sayi sabon bakin ƙaho. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, bakin ƙahon da na ba ka ba shi da laifi.

Bari in fara da katsewar, don ita ce asalin aikin. Kai ka taso kana kallon dambe, inda mai kalangu ke zuga ɗan dambe ana cikin kai naushi. A ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in, ta hana wannan. Muddin ƙwallo na cikin wasa, ƙaho ya sauka daga baki. Lokacinku shi ne kafin a fara, da gajerun hutun da ake ɗauka, da hutun rabin lokaci na minti 15, da bayan an tashi. Wanda ya yi busa ana wasa, alƙali na iya hukunta ƙungiyar da ya zo goya wa baya, ka ga garin neman gira an rasa ido.

Wasan maza rabi biyu ne, kowanne minti 20. Idan ana nuna shi a talabijin, akan tsaya don talla da zarar wasa ya tsaya bayan agogo ya sauko ƙasa da minti 16, da 12, da 8, da 4. Kociyoyi kuma suna da nasu hutun, wani daƙiƙa 30 ne kacal. Ko a dogon hutun ma ba ku kaɗai ba ne, akwai mai sanarwa, akwai masu talla, akwai 'yan rawa. Shi ya sa kake ganin madugu da abin sauraro a kunne, ana faɗa masa daƙiƙa nawa aka yaga muku. In ya dunƙule hannu ya katse ku, oda ce ta yi kuka, 'yan wasa na komawa fili. Badujalar da ta iya aikinta ita ce wadda mutum talatin za su ɗauke wuf a lokaci guda, kamar an rufe famfo.

Ni ma sai da na sha kunya na gane. Shekarar da na fara taimaka wa wata badujalar jami'a a nan Amurka, na zo da girman kan tsohon ɗan fareti, idona na kan takarda, ina jiran in kai ƙarshen layi yadda aka hore mu. Madugu ya katse, ban gani ba. Ɗan wasanmu ya tsaya zai yi jifan da aka ba shi saboda ƙetar da aka yi masa, zauren ya yi tsit, sai muryar ƙahona ita kaɗai ta tsaga wurin. Alƙali ya juyo ya nuna mu da yatsa. Yaron da ke gefena, wanda na haifi kamarsa, ya sa hannu ya sauke mini ƙahon a hankali. Tun ranar na haddace kiɗe-kiɗen da aka fi maimaitawa, don idona ya samu sararin kallon madugu da agogo.

Tsofaffin 'yan badujalar ƙasar nan kuwa ba sa gajiya da labarin ranar 20 ga Nuwamba, 1982, a Berkeley. Ƙwallon Amurka ce tsakanin jami'ar Kalifoniya da ke garin da jami'ar Stanford, Stanford na gaba da 20 da 19, saura daƙiƙa huɗu. 'Yan badujalarsu suka ɗauka an gama, suka kwararo cikin fili. Ashe 'yan Kalifoniya na ta miƙa wa juna ƙwallo har sau biyar, na ƙarshensu ya ratsa ta cikin masu busa, ya bangaje mai busa dogon ƙahon da ake kira turombon, suka ci 25 da 20.

To, leɓe. A faifanka na ji abin da ke faruwa: kana neman ƙara da ƙarfin hannu. In ka danna bakin ƙaho a leɓe, jini ba ya gudana, naman ya kumbura, bayan minti ashirin sai iska kawai ke fita. Duba madubi bayan wasa, za ka ga jan zobe a leɓenka na sama. Ƙara daga ciki take fitowa. Cika cikinka da iska har wandonka ya matse, ka bar hannun hagu ya riƙe ƙaho kawai. Kada kuma ka kumbura kumatu. Wannan fasahar mai algaita ce, shi yana tara iska a kunci don ya shaƙi wata ta hanci busa ba ta yanke ba, kuma bakin algaita daban yake da naka. Kai gefen bakinka ne ya kamata ya tsaya daram.

Akwai kuma abin da zauren ke yi maka. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. In bangon da ke fuskantarku na da nisan mita 30, busarku za ta dawo muku bayan kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Mai bin kunnensa sai ya riƙa ja da baya, ga 'yan turombon na huda masa ƙeya, ga ganga, ga ihun ɗalibai, ba ya jin kansa, sai ya ƙara dannawa. Sayi abin toshe kunne irin na makaɗa, wanda ke rage ƙara ba tare da ya dushe sauti ba. Kunnena na hagu yau shekara da shekaru yana yi mini kukan gyare, ba na so ka gaje ni a nan.

Sauran dabara ce ta rabon ƙarfi. Kafin wasa ka yi minti goma kana jan dogayen sautuka na ƙasa, a hankali. Taken makarantarku za ku busa shi ba adadi a dare ɗaya, don haka ku yi yarjejeniya da na kusa da kai: wannan karon shi ya hau sama kai ka bi ta ƙasa, karo na gaba ku sauya. Ba ragwanci ba ne, manya ma haka suke yi. Da an katse, cire ƙahon daga baki gaba ɗaya, ka kurɓi ruwa. Ihun zuga 'yan wasa kuma ka yi shi daidai wa daida, maƙogwaron da ya bushe ba ya busa.

In an tura ku wasan hoki na kan ƙanƙara ko wasan da ake yi a buɗaɗɗen fili a watan Nuwamba, sanyi na saukar da muryar ƙaho, sai ka ɗan tura bututun saita muryar ƙahon ciki, ka riƙa ajiye bakin ƙahon a aljihu tsakanin busa da busa. Man fistin, wato man maɓallan ƙahon, kada ya bar jakarka.

Ka ce kana sha'awar a tafi da kai gasar watan Maris, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in ƙasar. A can mutum 29 da madugu kawai ake bari, kuma madugai sun fi duba wanda bai fashi zuwa ba, har wasannin mata da na ƙwallon raga da ake yi a tsakiyar mako zaure rabi babu kowa. Je ka waɗannan. Bayan wasa uku ka sake turo mini faifai, wanda aka ɗauka a minti biyar na ƙarshe nake so in ji. Ka gaida mutanen gida in kun yi waya.