Tambaya da Amsa: Tafiya Amurka ta jirgin ruwa a ƙarshen Oktoba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohuwar malamar firamare ce daga Tudun Wada Zariya, ɗana da ke aiki a Ingila ya ce in na je wajensa ƙarshen Oktoba zai biya mana jirgin ruwa zuwa Amurka mu gano ƙanwarsa, wai kwana bakwai a kan teku. Ni ko kwalekwale ban taɓa shiga a kogin Galma ba. Dan Allah ya yanayin yake a lokacin, akwai haɗari ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Tunda kika ce kwana bakwai ina kyautata zaton Queen Mary 2 yake nufi, na kamfanin Cunard, mai tashi daga Southampton zuwa New York. Tsawonsa mita 345, tun 2004 yake wannan zirga-zirga kuma dama don tsallaka Atilantika aka ƙera shi, don haka ki kwantar da hankalinki, abin da zai dame ki jijjiga ce da sanyi.

Kin ga mu nan Oktoba ruwa ya ɗauke ana ta girbin masara gari ya yi fes, toh can a lokacin ne teku ke fara fushi. Akwai manyan guguwowin nan na Atilantika da lokacinsu ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, sun fi ƙamari a Satumba kuma galibi can kudu suke tasowa, su kyaftin na ganinsu a hasashen yanayi tun saura kwanaki sai ya kauce musu. Wadda za ki haɗu da ita iskar arewacin Atilantika ce mai tasowa daga wajen Kanada ta nufi Turai, kullum Nuwamba na matsowa tana ƙara ƙarfi, ga shi ku yamma za ku nufa wato gaba da gaba kenan za ku yi da ita. Wata rana ruwa ya kwanta lumui, washegari ki ga shayi na kai komo a kofi, in za ki wuce a baranda sai kin dafa ƙarfen jikin bango.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar ɗaki. Ki ce masa ya kama na tsakiyar jirgi a benen ƙasa-ƙasa, dan Allah kar ya ce zai burge ki da na can sama ko na gaba, nan ne jijjiga ta fi yawa kamar dai kujerar baya a bas in hanya ta lalace. Ki tafi da citta, in jiri ya taso ki fita ki kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, kar ki zauna da yunwa. Akwai ƙwayar hana amai irin su Stugeron amma tana sa barci, ki fara tambayar likitanki musamman in kina shan maganin hawan jini.

Sanyin kuwa ki ɗauka asubar hunturu ce a Samaru, sai dai da danshi da iska mai ratsa ƙashi. Suwaita, safa, jaket mai tare ruwa, takalmi marar santsi, hijabi kuma mai nauyi don iska na ɗaga marar nauyi. Cikin jirgi dai da ɗumi.

Sai sallah. Alƙibla za ta kasance wajen bayan jirgi, ki riƙa dubawa a waya don tana sauyawa a hanya, ranar da tsayuwa ta gagara ki yi a zaune. Ana kuma mayar da agogo baya da awa ɗaya har dare biyar, ki lura da rana wajen lokutan sallah.

In da hali ya ɗaga tafiyar zuwa Yuni ko Yuli ni shi zan zaɓa miki, teku ta fi kwanciya a lokacin. In kuma Oktoban ce kaɗai yake da hutu, ki je abinki Hajiya, ki dai tabbatar bizar Amurka ta fito kafin ya biya kuɗin.